Binciken da ya kwana a kan kanta: Malam, shirun nan kai yake cuta

A zangon karatun da ya wuce, malamin da ke duba kundin kammala digirina ya tura ni laburare in nemo ayyukan da aka yi a baya kan shirye-shiryen noma a rediyo. Ma'aikacin wurin ya buɗe min wani ɗaki can ƙurya, ya ce in shiga in duba da kaina. Kantoci ne tun daga ƙasa har rufi, maƙare da kundayen digiri na biyu da na uku. Duk wanda na zaro sai na kaɗe ƙura kafin in iya karanta sunan mai shi. Cikin lalube hannuna ya faɗa kan wani aiki da ba na sashenmu ba, a kan hanyoyin adana wake ba tare da an zuba masa magani ba. Ina karanta taƙaitaccen bayanin da ke farkonsa sai kawuna ya faɗo min a rai. Duk shekara sai ya barbaɗa wa wakensa maganin ƙwari kafin ya ɗinke buhu, duk shekara kuma sai an yi ta fargabar cin waken a gida. Tsakanin inda kundin nan yake ajiye da rumbun kawuna bai fi tafiyar awa biyu a mota ba, amma labarinsa bai taɓa isa can ba.

Duk lokacin da aka kawo irin wannan magana, jama'a ake tausaya wa, kuma sun cancanci tausayin. Ni dai yau ta ɗaya ɓangaren zan duba. Wanda ya rubuta kundin nan shi ma ya yi asara, kuma asarar ba ƙarama ba ce. Ya ɓata shekaru, ya kashe kuɗi, wataƙila har da bashi, amma ban da shi da malamansa da mai buga masa takardu, babu wanda ya san ya yi aikin. Ra'ayina shi ne, mai binciken da ya fito ya yi wa jama'a bayanin aikinsa da harshen da suke ji, kansa ya fara yi wa gata kafin kowa.

Na san amsar da malamanmu ke bayarwa, domin na sha jin ta a ofisoshinsu. Za su ce maka idan lokacin ƙarin girma ya zo, kwamiti maƙalun da ka buga a mujallun ilimi yake ƙirgawa, babu mai tambayarka sau nawa ka shiga rediyo. Za su ce ga cunkoson ɗalibai, ga takardun jarrabawa jibge, ga albashin da ba ya kai wata, ina lokacin zuwa gidan talabijin? Wasu kuma tsoron bakin abokan aiki suke yi, kar a ce wane ya zama malamin rediyo, ya bar bincike ya koma neman suna. Akwai ma masu cewa ai kaya mai kyau shi ke sayar da kansa.

Wannan tsoro yana da tushe, kuma ba a nan kaɗai ake jin sa ba. Carl Sagan, masanin taurari ɗan Amurka, shi ne ya gabatar da shirin talabijin na Cosmos a 1980, shirin da ɗaruruwan miliyoyin mutane suka kalla a faɗin duniya. Tun a 1968 Jami'ar Harvard ta ƙi tabbatar masa da kujerar dindindin, ya koma Cornell. A farkon shekarun 1990 kuma aka ƙi zaɓensa cikin Cibiyar Masana Kimiyya ta Ƙasar Amurka, duk da tarin maƙalun da ya buga. Da yawa daga waɗanda suka rubuta tarihinsa na ganin farin jininsa a wurin jama'a na cikin abin da ya jawo masa. To amma a 1994 ita wannan cibiya da kanta ta ba shi babbar lambar yabonta ta hidima ga al'umma. Yau kuma sunansa ake tunawa, waɗanda suka yi masa ƙafar ungulu sai an buɗe littafi. Tun daga lokacin abubuwa sun sauya sosai, kuma akwai hujjoji.

Mu fara da abin da malamai suka fi damuwa da shi, wato yawan ambaton aikin mutum a rubuce-rubucen sauran masana. A 1991, David Phillips da abokan aikinsa sun buga wani nazari a mujallar likitanci ta New England Journal of Medicine. Sun ɗauki maƙalun da suka fito a mujallar, suka raba su biyu: waɗanda jaridar New York Times ta ba da labarinsu, da waɗanda ba ta kula su ba. Sai suka tarar na rukunin farko sun fi samun ambato daga sauran masana da kashi 72.8 cikin ɗari a shekarar farko. Mai musu zai ce ai dama jarida masu kyau take zaɓa, ko ba ta buga ba za a ambace su. A nan ne nazarin ya burge ni. A 1978 an yi yajin aiki na kusan wata uku, jaridar ba ta fita kasuwa ba, amma editocinta sun ci gaba da haɗa ta don ajiyar tarihi. Maƙalun da aka zaɓa a wannan lokaci, waɗanda labarinsu bai kai hannun masu karatu ba, ba su samu wancan ƙarin ambato ba. Kenan fitowar labarin a jarida ita ce ta yi aikin. Su ma masana ai mutane ne, suna karanta jarida, suna sauraron rediyo a mota, kuma babu wanda zai iya bin duk mujallun fanninsa. Sau da yawa ta hanyar labarai suke fara jin aikin ɗan uwansu.

Sai batun kuɗi. Tun 1997 hukumar da ke ba da tallafin binciken kimiyya a Amurka, NSF, take auna duk takardar neman tallafi da ma'auni biyu: ingancin ilimin da ke ciki, da kuma amfanin da aikin zai yi wa al'umma. A Birtaniya, tsarin tantance binciken jami'o'i da ake kira REF ya ware kashi 20 cikin ɗari na maki ga tasirin bincike a wajen jami'a a 2014, ya ɗaga shi zuwa kashi 25 a 2021, kuma da sakamakon ake raba wa jami'o'i kuɗin bincike. Wani zai ce wannan ai can ne, ina ruwanmu? Da ruwanmu fa. Kaso mai tsoka na kuɗin da ake manyan bincike da shi a nahiyar nan daga waje yake zuwa, daga irin su Wellcome da Gidauniyar Gates da Tarayyar Turai, ko ta hanyar haɗin gwiwa da jami'o'in can. Farfesan da ke Landan, wanda za a tambaye shi me aikinsa ya canza a rayuwar mutane, wa zai nema ya yi aiki da shi a Kano ko Maraɗi? Wanda ya san hanyar shiga gari, wanda masu unguwanni da manoma da 'yan jarida suka san shi. Da ɗan gari akan ci gari.

Kar a ce misalan duk na Turawa ne, mu dawo gida. Marigayi Mohammed Bah Abba malami ne a kwalejin fasaha ta Jihar Jigawa da ke Dutse, kuma ya tashi a gidan magina tukwane. Dabararsa ba ta da wani sarƙaƙiya: ƙaramar tukunya cikin babba, a cika tsakaninsu da yashi mai laima, a rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle. Yayin da ruwan yashin ke bushewa yana fita ta jikin babbar tukunyar, sai ya tafi da zafi, cikin ƙaramar ya yi sanyi. Gautan da kan lalace a kwana 3 sai ya kai kwana 27. Sanyaya ruwa a randa tsohon abu ne, kakanninmu sun san shi. Abin da ya bambanta Bah Abba shi ne bai tsaya a rubutu ba. Ya sa an yi tukwanen an raba a ƙauyuka, ya shirya wasan kwaikwayo aka ɗauka a bidiyo, ya riƙa yawo da janareto da majigi ana haskawa a kan farin ƙyalle da daddare. A shekarar 2000 ya ci kyautar Rolex ta dala 75,000, a 2001 mujallar Time ta sa tukunyarsa cikin fitattun ƙirƙire-ƙirƙiren shekara, dabarar kuma ta kai har Darfur a Sudan. Da ya rubuta ta a takarda ya ajiye a kanta, da yanzu tana cikin waɗanda nake kaɗe wa ƙura.

A cikin matasa kuma ga Dakta Mahmoud Bukar Maina, ɗan Jihar Yobe, masanin ƙwaƙwalwa da ya yi digirinsa na uku a Jami'ar Sussex ta Ingila kan cutar mantuwa. Tun yana ɗalibi yake dawowa gida yana shirya bukukuwan kimiyya ga 'yan makaranta, yana haɗa masana da 'yan jarida, har ya kafa dandalin Science Communication Hub Nigeria. Ƙungiyar masana ilimin halittu ta Birtaniya ta karrama shi a kan wannan aiki. Daga baya ya jagoranci kafa cibiyar bincike ta BioRTC a Jami'ar Jihar Yobe da ke Damaturu, inda ake horar da matasan masana daga ƙasashen Afirka, ake kuma nazarin matsalar ciwon ƙoda da ta addabi yankin Gashuwa. Ba na cewa wayar da kai kaɗai ta kai shi nan, domin mutumin yana da aikin ɗakin gwaji mai nauyi. Amma kafin gwamna ko mai ba da tallafi ya saurare ka, sai ya san ka, sai kuma ya gane abin da kake faɗa. Shekarun da ya yi yana bayyana kimiyya ga waɗanda ba fanninsu ba ne, su suka koya masa wannan magana.

Akwai wata riba da ba a cika lissafawa ba. Wanda ya saba bayyana aikinsa ga mutumin da bai yi boko ba, shi kansa yana ƙara fahimtar aikin. A taron masana kana iya fakewa a bayan manyan kalmomin Turanci, kowa ya gyaɗa kai a tashi. Amma tsaya gaban manomi ka ce masa irin da ka samar ya fi nasa, nan take zai tambaye ka kwana nawa yake yi kafin ya nuna, harawarsa dabba na ci, tuwonsa yana kwana, 'yan kasuwa suna saye? Tambayoyi huɗu kenan, kuma kowace tana iya zama bincike na gaba. Buhun adana wake na PICS, mai leda biyu a ciki da buhu ɗaya a waje, wanda masanan Jami'ar Purdue ta Amurka suka fara aikinsa tare da takwarorinsu na arewacin Kamaru, ya karɓu ne bayan da aka shiga ƙauyukan Najeriya da Nijar ana ɗaure wake a gaban jama'a, a dawo bayan watanni a kwance a gabansu. Gani ya kori ji. Masanan da suka yi wannan yawo sun samu abin rubutawa na shekaru daga abin da suka gani da wanda manoma suka gaya musu.

Sannan ga batun amana, wadda babu mai binciken lafiya ko noma da zai yi aiki ba tare da ita ba. Mu a Arewa mun ɗanɗana. Gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara a Kano a 1996, lokacin annobar sanƙarau, ya bar tabo a zukatan mutane. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano da wasu jihohi saboda zargin an gurɓata maganin, ba a dawo da shi a Kano ba sai a 2004, cutar kuwa ta tsallaka ƙasashe da dama har daga baya ta kai Indonesiya. Sai da sarakuna da malaman addini da likitocin gida suka shiga gari suna bayani da Hausa kafin a kai ga ranar 25 ga Agustan 2020, da aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta daji. Yau ma ga muhawarar irin shuka na GMO. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru ta fitar da waken SAMPEA 20-T mai jure tsutsar da ke huda kwanson wake a 2019, masarar TELA kuma ta fito a 2024. Ko kana goyon baya ko kana adawa, duba wayarka ka ga su wa suka fi yin magana a kai. Saƙon murya na minti biyu a WhatsApp daga wanda bai taɓa shiga ɗakin gwaji ba ya fi zagayawa a kan bayanin wanda ya shekara goma yana aikin. Mai binciken da ya yi shiru, wani zai yi magana a madadinsa, kuma ranar da ya je ƙauye neman jinin gwaji ko gonar gwaji, abin da wancan ya faɗa shi zai tarar yana jiran sa.

Adalci ne in kawo abin da bai goyi bayana gaba ɗaya ba. A 2008 Pablo Jensen da abokansa sun duba bayanan dubban masu bincike na cibiyar CNRS ta Faransa. Sun gano waɗanda suka fi shiga jama'a su ne kuma suka fi ƙwazo a wallafa ayyukan ilimi, abin da ya rushe zancen cewa ragwaye ne ke tafiya rediyo. Amma sun kuma gano cewa wajen ƙarin girma, shiga jama'ar kusan bai ƙara musu ba, bai kuma rage musu ba. Wato malamanmu da ke cewa kwamiti ba ya ƙirgawa ba ƙarya suke yi ba. Ribar tana zuwa ne ta wasu ƙofofin, ta ambato, tallafi, abokan aiki, gayyata zuwa kwamitocin gwamnati, da ɗalibai masu hazaƙa da ke neman mutum saboda sun ji shi. Ƙofar ƙarin girma kuwa, jami'o'i ne ya kamata su buɗe ta.

Hatsari ma akwai. A ranar 23 ga Maris 1989, Stanley Pons da Martin Fleischmann suka kira taron manema labarai a Jami'ar Utah suka ce sun samo hanyar haɗa ƙwayoyin zarra su ba da makamashi a cikin kwalba, ba tare da matsanancin zafi ba. Duniya ta ɗauka. Cikin 'yan watanni manyan ɗakunan gwaji suka gwada suka kasa samun abin da suka ce, martabar da suka tara ta zube. Darasin a fili yake: a fara kai aiki gaban masana su tace shi, sannan a kai wa jama'a. Mu ma a lokacin korona mun ji masu shelar sun gano magani kafin a gwada shi a kan ko ɓera. Haka kuma farfesan lissafi da ya shiga rediyo yana fatawa kan ciwon suga, sunansa yake zubarwa. Ka tsaya a fanninka, ka faɗi iyakar abin da ka gano, inda ba ka sani ba ka ce ba ka sani ba.

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu da muke koyon aikin jarida muna da namu laifin. Malami zai ce wani ganye ya nuna alamar rage sukari a jinin ɓeraye, washegari kanun labari ya ce an gano maganin ciwon suga a jami'a kaza. Wanda aka yi wa haka sau ɗaya, abokan aikinsa suka yi masa dariya, ko kiran ɗan jarida ba zai ƙara ɗagawa ba. Kuma sau nawa muke neman malaman jami'a in ba kan yajin aikin ASUU ko siyasa ba? Dole mu koyi karanta maƙalar bincike, mu san bambancin gwaji a kan dabba da gwaji a kan mutum, mu kira masani na biyu ya tabbatar, mu karanta wa mai binciken alƙaluman da muka rubuta kafin mu saki labari.

To mene ne abin yi? Jami'o'i su ware maki, ko kaɗan ne, ga aikin wayar da kai mai shaida a sharuɗɗan ƙarin girma. TETFund, da ke ba da tallafin bincike daga asusunta na ƙasa, ta sharɗanta wa duk wanda ya karɓa ya rubuta bayanin shafi ɗaya da Hausa ko Yarabanci ko Ibo ko harshen mutanen da aka yi binciken a cikinsu. Makarantun gaba da digiri su ari gasar da Jami'ar Queensland ta Ostireliya ta fara a 2008, inda ɗalibi ke bayyana kundinsa cikin minti uku da hoto ɗaya tak, amma mu a yi ta da Hausa. Gidajen rediyon jami'o'i, da yawanci kiɗa da gaishe-gaishe suka cika su, su ba kowane sashe rabin awa a wata. Sassan koyon aikin jarida da na harsunan Najeriya su zauna da na kimiyya a daidaita kalmomi, don kar kowa ya riƙa fassara ƙwayar halitta yadda ya ga dama.

Kai kuma matashin da ke digiri na biyu ko na uku, ba sai ka jira kowa ba. Duk maƙalar da ka buga, rubuta sakin layi biyar a Facebook: me na tambaya, yaya na yi, me na gano, me ban gano ba, wa abin zai amfana. Ɗauki bidiyon minti biyu a gonar gwajinka. Dandalin The Conversation Africa, da aka buɗe a 2015, masana kaɗai yake karɓar rubutunsu, editoci su taya ka gyarawa, jaridu kuma su sake bugawa kyauta da sunanka a kai. Idan bakinka ba ya sakuwa a gaban makirfo, tsallako sashenmu. Muna da ɗalibai da ke yawo da rikoda suna neman abin da za su haɗa shiri a kai don cika makin aikin gwaji. Kai kana da labari, mu muna da hanyar kai shi.

Da na je gida hutu na ba kawuna labarin kundin da na gani. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "To shi malamin, me ya hana shi zuwa ya gaya mana?" Ban da amsar da zan ba shi. Na dai rubuta sunan mai kundin a littafina, kuma in Allah Ya yarda shi ne baƙon farko da zan nema a shirin da za mu haɗa wannan zangon. Malam, in kira ya shigo daga lambar da ba ka sani ba, don Allah ka ɗaga.